Daga Wutar Kara Zuwa Fitilar Sola: Tarihin Hasken Dare a Ƙasar 'Yandoto

Fitila kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, inda asalinta ke nufin lagwani, wato zaren da ke shan mai yana ci da wuta. A bakin mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu an fi jin ta da "hitila", kamar yadda karin harshen yamma ya saba. Sunan bai sauya ba tun zamanin da ake ƙona man kaɗe a kasko, amma abin da ake kira da shi ya sauya kama sau da yawa. A kowane zamani tsadar abin da fitila ke ci da sauƙin samunsa ne suka raba gardama tsakanin tsohuwa da sabuwa, kuma kowace sabuwa ta zo da haske fiye da ta gabanta a kan ci kaɗan.

Zamanin kara da kasko

'Yandoto tsohon gari ne na malamai a kudu maso yammacin tsohuwar ƙasar Katsina, kusa da Tsafe ta yau. Labarin gargajiya na Katsina ya ce daga nan Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau a kokawa ya hau sarauta. Garin ya yi suna da karatu tun kafin jihadi, masu neman ilimi suna zuwa daga nesa suna zama gaban malamansa. A farkon jihadi, wajen 1806, rundunar Muhammadu Bello ta ci garin bayan malamansa sun ƙi ba da goyon baya, mutane suka watse. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, daga wannan yanki ya taso, kuma har yau sarkin Tsafe 'Yandoto ake kiran sarautarsa.

Garin da karatu ya zama sana'arsa ba ya rasa buƙatar haske, domin karatun allo na da zama biyu a cikin duhu, ɗaya bayan sallar isha, ɗaya kafin asuba. Abin da makarantun allo suka dogara da shi shi ne wutar kara. Almajirai kan shiga gonaki bayan girbi su ɗebo karan dawa da na gero da ƙiraren itace, a tara a tsakar makaranta. Da dare a hura, yara su kewaye wutar kowa da allonsa, wani yana ƙara kara duk lokacin da harshen ya kwanta. Wutar kara tana da haske, amma ba ta daɗewa, kuma hayaƙinta na sa ido hawaye. A lokacin hunturu tana da amfani biyu, haske da ɗumi. Da damina kuwa, idan kara ya jiƙe, karatun dare kan taƙaita.

A cikin ɗaki fitilar ƙasa ake kunnawa. Ɗan kasko ne da masu ginin tukwane ke yi, wani lokaci kuma maƙera su ƙera na ƙarfe mai doguwar ƙafa da ake kafawa a ƙasa. Ana zuba man kaɗe ko man gyaɗa, a murza auduga ta zama lagwani, a kwantar da ita a bakin kaskon. Kafin zuwan ashana da ƙyastu ake tayar da wuta, ko a aiki yaro maƙwabta ya ɗebo garwashi. Matsalar wannan fitila ita ce man da take sha shi ne man da ake ci. Duk cokalin da ya tafi ga lagwani an rage shi daga miya ko daga kuɗin kasuwa. Saboda haka a gidan talaka ba a barin fitila tana ci a banza: a kunna ta a ci tuwo, a yi shimfiɗa, a hure. Malamai masu rubutun littattafai da attajirai da gidan sarauta su ne ke iya barin ta ta kai tsakar dare.

Sauran harkokin dare sun bi lissafin wata. Wasan dandali da gaɗa da tatsuniya a tsakar gida sun fi armashi a kwanakin farin wata, matafiya ma kan dubi kwanan wata kafin su sa ranar tashi. Idan wata ya yi nisa gari kan yi tsit da wuri. Karin maganar da ke cewa dare rigar mugu ta fito ne daga zamanin da duhu ke rufe komai da zarar an fita daga da'irar wuta.

Kananzir da jirgin ƙasa

Kananzir ya samo asali ne a tsakiyar ƙarni na 19. Abraham Gesner, wani masani ɗan Kanada, ya tace shi daga kwal a 1846, sannan bayan haƙa rijiyar mai ta Edwin Drake a Amurka a 1859 aka koma tace shi daga ɗanyen mai, ya yi araha ya bazu a duniya. Ya shigo ƙasar Hausa sosai ne bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, musamman da layin dogo ya isa Kano a 1911. A wannan yanki babban sauyin ya zo ne a 1929, lokacin da reshen layin da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda.

Jirgin ya zo ne domin kwasar gyaɗa da auduga, kuma shi ya mayar da Gusau babbar cibiyar ciniki. Taragon da ya tafi kudu da buhunan gyaɗa yakan dawo da gishiri da atamfa da ashana da kananzir. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, da 'yan kasuwa Kwara, wato 'yan Labanon, su ne manyan masu shigo da kayan, daga kantunansu kuma 'yan koli ke sara su kai kasuwannin ƙauye. Ta haka gyaɗar da a da ake matse manta a zuba a kasko ta koma kayan sayarwa, kuɗinta kuma ya sayo man da ya maye gurbinta a fitila.

A cikin garwa kananzir ke zuwa, wato gwangwanin galan huɗu. Idan man ya ƙare garwar ba ta zama shara: da ita 'yan ga-ruwa ke ɗaukar ruwa, da ita ake awon hatsi da manja, wasu kuma su fasa ta su yi ƙofa ko murfi. Masu sayarwa a unguwa sukan auna man da kwalba ko ɗan gwangwani, ta yadda mai ɗan kuɗi kaɗan zai sayi na dare ɗaya.

Fitilu iri uku suka rayu a kan kananzir. Ta farko ita ce aci-balbal, wadda masu sana'ar gwangwani ke yi daga gwangwanin madara ko na tumatir, su liƙa masa ɗan bututu a sa tsumma ko zare. Ita ce mafi araha, kuma ita ce ta masu talla da masu ƙosai da 'yan tireda. Harshenta a buɗe yake, iska na kaɗa shi, hayaƙinta baƙi ne ƙirin, wanda ya kwana kusa da ita yakan wayi gari da baƙi a hanci. Haskenta bai wuce lumen goma ba ko kusa da haka, lumen kuwa shi ne ma'aunin yawan haske.

Ta biyu ita ce fitilar ƙwai, mai gilashi da mariƙi da ɗan maɓallin ɗaga lagwani. Samfurin Feuerhand na Jamus da Dietz na Amurka sun yi suna kafin na ƙasar Sin su cika kasuwa. Gilashin na kare harshen daga iska, iskar da ke zagayawa ta bututun gefe kuma na sa man ya ƙone da kyau, don haka ta ninka aci-balbal haske sau uku ko huɗu da ƙarancin hayaƙi. Ta zama kayan mutunci har ta shiga cikin kayan ɗakin amarya. Wanke ƙwan fitila da toka ko tsumma da yamma, da datse bakin lagwani, da zuba mai, aiki ne da yara suka tashi da shi a kusan kowane gida. Da makarantun boko suka yawaita, a gabanta ɗalibai suka yi bitar darasi.

Ta uku ita ce fitila mai famfo, irin su Tilley da Petromax. Ana buga mata iska har man ya zama tururi, ya ƙone a cikin wata 'yar raga da ke yin fari fat. Haskenta na kai ɗaruruwan lumen, yana cika fili guda. Tana da tsada, tana shan mai, ragarta kuma ba ta jure girgiza, shi ya sa aka fi ganin ta a wurin tafsirin azumi, da taron biki, da teburin mai shayi ko mai tsire da kasuwarsa ta kankama. A gefe guda tocila mai batir ta zama abokiyar mai gadi da mai fita masallaci da asuba da manomin da ke tsoron maciji a hanya.

Zuwan lantarki

An fara samar da lantarki a Legas tun 1896, amma ya ɗauki shekaru da dama kafin ya zama abin gama-gari a Arewa. An kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, a farkon shekarun 1950. Madatsar ruwa ta Kainji ta fara aiki a 1968, sannan a 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun ruwan Neja aka samar da NEPA, sunan da har yau mutane ke kiran wuta da shi. Gusau, da yake garin masana'antu ne mai injin gurzar auduga da masaƙa da matatar man gyaɗa, ta riga maƙwabtanta samun wuta. Unguwannin ma'aikata da Sabon Gari da Tudun Wada da cikin gari suka ga turaku da wayoyi, daga baya layi ya kai Tsafe da Bunguɗu da wasu garuruwan bakin titi. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, gidaje da ofisoshi suka ƙaru, buƙatar wuta ta ninka.

Ƙwan da ya zo da lantarki shi ne mai siririn zare a ciki, irin wanda Thomas Edison a Amurka da Joseph Swan a Ingila suka inganta wajen 1879. Wuta na bi ta cikin siririn zare har ya yi zafi ya yi haske. Wanda aka fi saya shi ne mai wat 40 da 60 da 100. Ƙwai mai wat 60 na ba da lumen kusan 800, wato hasken fitilar ƙwai fiye da ashirin. Aibinsa shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, abin da ya sa ba a iya taɓa shi da hannu idan ya jima a kunne, kuma yana ƙara wa ɗaki zafi a watannin bazara. Rayuwarsa kamar awa 1,000 ce. Idan wuta ta zo da rauni yakan yi ja kamar garwashi, idan ta zo da ƙarfi ya ƙone nan take. Doguwar fitila fara, mai tsawon ƙafa biyu ko huɗu, ta fi shi tattali nesa, kuma ita ce ta masallatai da shaguna da azuzuwa, sai dai ba ta kamawa idan wuta ta yi ƙasa, tana ta ƙyafta ido kawai.

Lantarki bai kori kananzir ba, saboda dalili biyu. Yawancin ƙauyukan da ke nesa da titi layin bai kai gare su ba. A inda ya kai kuma ɗauke wuta ya zama ruwan dare, don haka kowane gida ya ci gaba da ajiye fitilar ƙwai a kusurwa da ashana kusa da ita. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, da tallafin gwamnati sun sa kananzir ya daɗe yana cikin abin da talaka ke iya saya. Da wahalar mai ta yawaita daga shekarun 1990, sai dogon layi da 'yan bumburutu da gurɓataccen kananzir da aka gauraya da fetur suka shigo, wanda ya jawo fashewar fitilu da gobara a sassa daban-daban na Najeriya.

Ƙwai mai tattalin wuta

A shekarun 2000 aka fara yayin ƙwai mai murɗaɗɗen gilashi, wanda 'yan kasuwa ke kira enaji. Doguwar fitila ce aka naɗe ta ta shiga mazaunin ƙwai na yau da kullum. Mai wat 14 ko 15 na ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, kuma mai kyau yana kai awa 6,000 zuwa 10,000. Ƙasashe da dama sun mayar da sauya ƙwai manufar gwamnati. Kyuba ta yi haka a tsakiyar shekarun 2000, Ghana ta raba ƙwai miliyan 6 kyauta a 2007 lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, Tarayyar Turai kuma ta janye tsohon ƙwai daga kasuwa tsakanin 2009 da 2012.

A Gusau da kewaye aljihu ne ya tura mutane ga sabon ƙwan. Muddin ana biyan kuɗin wuta na ƙiyasi, mai gida bai damu da yawan abin da ƙwai ke ci ba, har akan bar na ƙofar gida a kunne da rana tsaka. Amma mai ƙaramin janareta ya san cewa ƙwai goma masu wat 60 sun kusa cinye ƙarfin injinsa, ba a maganar fanka ko talabijin. Bayan an mayar da NEPA zuwa PHCN a 2005, aka kuma sayar da kamfanonin rarraba wuta daga 2013, Zamfara ta faɗa ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi. Mita mai kati ta fara yaɗuwa, kowane yunit ya zama kuɗi da ido ke gani yana raguwa. Enaji yana da nasa aibi: akwai zaiba kaɗan a cikinsa, mai guba ce idan ya fashe, kuma jabu marasa ƙarko sun cika kasuwa. Ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata kan zaiba, har da Najeriya, sun amince a 2022 a daina ƙera irin wannan ƙwai da cinikinsa tsakanin ƙasashe zuwa ƙarshen 2025.

LED da sola

Fitilar LED ba ta da zare ko tururi. Ɗan ƙanƙanin sinadari ne da ke fitar da haske kai tsaye idan wuta ta ratsa shi. Nick Holonyak ya samar da mai jan haske a 1962, amma farin haske bai samu ba sai da masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano hanyar yin mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Ƙwan LED mai wat 9 na ba da hasken tsohon mai wat 60, mai inganci kuma yana kai awa 15,000 ko fiye. Gidan da ke kunna ƙwai goma na awa biyar kowane dare zai ci yunit 90 a wata da tsohon ƙwai, da LED kuwa yunit 13 da rabi.

A ƙauyukan wannan yanki LED ba ta bi ta wayar lantarki ta shigo ba, ta batir ta shigo. Saboda cinta kaɗan ne, batir uku na tocila kan riƙe ta dare da yawa. Tun a shekarun 2000 matasa masu dabara suka riƙa haɗa fitila da ɗan akwatin katako da tsohon faifan CD da ƙananan ƙwayayen LED suna sayarwa a kasuwannin mako. Bayan su fitilun caji da tociloli na ƙasar Sin suka zo da araha, wayar hannu ma ta zo da tata tocilar. Shagon cajin waya, mai janareta ko faifan sola, ya zama sabon wurin sayen haske, kamar yadda mai awon kananzir yake a da.

Tsadar mai ta ƙarasa aikin. A Janairun 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, farashin hukuma ya tashi daga naira 50 zuwa 83 a lita, daga nan ya yi ta hawa har ya wuce naira 1,000. Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya sa tayar da janareta domin haske kawai ya zama asara. A daidai wannan lokaci farashin faifan sola ya faɗi a duniya. Ƙaramar fitilar sola, wadda ake shanya faifanta a kan rufi ko danga da rana, tana ba da hasken da ya fi na fitilar ƙwai, wata ma tana cajin waya, kuma bayan kuɗin saye ba ta neman ko kwabo na mai. Shirin Lighting Africa na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2007, ya taimaka wajen kafa ma'aunin ingancin irin waɗannan fitilu. Masallatai da asibitoci da makarantun allo da na Islamiyya sun koma sola da batir, fitilun titi masu faifai a kai sun bayyana a Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi. Lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki babu wuta a Oktoban 2024 sakamakon lalacewar manyan layuka, gidajen da ke da sola ne suka kwana da haske.

Ta haka ƙauyuka da yawa a ƙasar Tsafe da Bunguɗu da Gusau suka tsallaka daga aci-balbal zuwa LED ba tare da sun taɓa amfani da tsohon ƙwan lantarki ba. Ribar a fili take: hayaƙi ya ragu a ɗakunan kwana, haɗarin gobara a gidajen kara da ciyawa ya ragu, mai shayi da mai tireda na kai dare ba tare da lissafin kwalbar mai ba, almajiri kuma na karanta allonsa da damina kamar yadda yake yi da rani.

Sabuwar fitila ta zo da nata matsaloli. Da yawa daga cikin masu araha ba su kai ƙarfin da aka rubuta a kwalinsu ba, kuma batirinsu kan mutu cikin watanni. Wannan ya haifar da sana'ar masu gyaran tocila da fitilar caji a kasuwanni, waɗanda ke sauya batir da maɓalli da waya. Matattun batura kuma na taruwa a bola da kwata, wasunsu na ɗauke da dalma. Zamfara ta san illar dalma tun annobar 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe ɗaruruwan yara, don haka tattara tsofaffin batura da hana yara wasa da su na cikin abin da ma'aikatan lafiya ke jan hankali a kai. Aci-balbal da fitilar ƙwai ba su ɓace gaba ɗaya ba, ana samun su jefi-jefi a rugage da wajen wasu tsofaffi, amma masu yin su da masu sayar da lagwani da ƙwan fitila sun ragu ƙwarai, rumfunansu a kasuwa sun koma na tocila da batir da faifan sola.